Ƙibar Turkiyya a Magudanar Challawa

Duk wanda ya taɓa shan shayi a majalisarmu ta ƙofar gidan Alhaji Kamilu a Ɗorayi ya san Barista Gwadabe. Ko bai gan shi ba ya ji muryarsa, don tun daga bakin titi ake jiyo ta. Lauyan gwamnati ne, mai gabatar da ƙara a wata kotun majistare da ake kai wa shari'o'in kamfanoni: wanda ya sunkuci bandir ɗin leda a Sharaɗa, wanda ya zuƙe man janareta a Bompai, wanda ya yi sama da fatu a Challawa. Abin alfaharinsa a duniya guda ne, kuma kullum sai mun ji shi kafin a sauke butar shayi, wai tun da ya fara aiki bai taɓa faɗuwa shari'a ba. Mu dai mun san yawancin waɗanda yake gurfanarwa da kayan a ka ake kama su, suna shiga kotu suke amsa laifi. Amma wa zai tsaya ja da mutumin da magana ce sana'arsa?

Bayan aiki yana da abin da yake kira wasanni. Duk Asabar zai saka rigar motsa jiki mai ruwan ganye, ya rataya usur a wuya, ya tuƙa mota tun daga Ɗorayi har Bompai, wai titunan can sun fi miƙewa. Zai yi sassarfa daga inda ya ajiye motar zuwa gindin wata darbejiya, inda Allah ya sa akwai mai waina, daga nan kuma wasanni sun tashi. Iyo ma ya koya, a waya. Matarsa Hajiya Aina'u ta ce sau da yawa takan same shi rub da ciki a kan kafet yana wutsil-wutsil da ƙafafu, in ta yi magana ya ce kar ta sa ya shaƙi ruwa.

Ana haka aka kawo masa shari'ar Sagir. Shi Sagir ɗan dako ne a wani kamfanin jima a Challawa, daga wani ƙauye na Jigawa ya zo neman abinci, ƙato ne mai faɗin ƙirji, yana saɓa ɗaurin fatu a kafaɗa kamar ya ɗauki filo. Fatu masu yawa suka ɓace a sito, aka rasa wanda za a kama, sai aka kama wanda ya fi kowa iya ɗauka. Kowa a Challawa ya san fatun da za su cika mota ta babbar ƙofa suke fita. Amma da Barista ya je ya zagaya kamfanin, sai idonsa ya faɗa kan magudanar da ruwan jima ke bi ya fita ta ƙarƙashin katanga, wani rami mai kusurwa huɗu da aka zuba wa kankare. Nan take ya ce ta nan ɓarawo ya bi. Ƙofa ai kowa ma zai iya cewa ƙofa, rami kuwa sai mai basira.

Sagir ya ƙi amsa laifi, abin da Barista bai saba gani ba. Lauyarsa, Barista Zainab, wata 'yar siririya mai magana a hankali kamar tana lallashin yaro ya sha magani, ta ce kafaɗun Sagir ma ba za su shiga ramin ba, balle ya janyo fatu. Ta roƙi a ba da belinsa.

Barista Gwadabe ya miƙe har kujera na ƙara. "Ya mai shari'a, kotu ba kasuwar Kurmi ba ce da za a yi ciniki da baki. Duk mai neman wani abu a shari'ar nan ya rubuto, ya ba ɗaya ɓangaren lokaci ya yi nazari."

Mai shari'a Atika, dattijuwa mai tabarau wadda ba ta mance abin da aka faɗa a gabanta, ta ce to, wannan ƙa'ida ta hau kan kowa. Aka mai da Sagir gidan yari.

Daga nan Barista ya ɓullo da babbar dabararsa. Ya kira tela har harabar kotu, aka auna ƙirjin Sagir da ƙugunsa, aka auna nasa, aka ga kusan ɗaya ne. Ranar Asabar, maimakon Bompai, ya zarce Challawa, ya cusa kansa a ramin, ya fita ta waje da ƙyar da 'yar kurjewa a gwiwar hannu. A zama na gaba ya shiga kotu yana tafiya kamar wanda aka naɗa wa sarauta.

"Ya mai shari'a, ni da wanda ake tuhuma awonmu ɗaya. Ina roƙon kotu ta tashi ta je Challawa ta gani da idonta. Da kaina zan shiga ramin nan in fita a gaban kowa. In na wuce, to ya wuce."

"In ba ka wuce ba fa?" in ji Barista Zainab.

"Wannan tambayar ba ta taso ba."

Ya kuma nema, a rubuce kamar yadda ya koya wa mutane, cewa a hana kowa taɓa ramin ko da da farce ne har sai shari'a ta ƙare, wanda ya kankare ko ɓarɓashin siminti a ɗaure shi. Kotu ta ba shi. Sai dai ranar zuwa Challawa aka kai ta bayan hutunsa na shekara, don ya riga ya shirya tafiya Turkiyya shi da Hajiya. Barista Zainab ta tuna masa cewa duk tsawon hutun nan Sagir yana tsare. Ya ce ai ramin ba gudu zai yi ba.

Da yamma ya zo majalisa ya ba mu labarin tafiyar, har da sunan otal da launin teku. Alhaji Kamilu, dillalin tsofaffin injina, wanda bakinsa bai taɓa barin kowa ya sha ruwa lafiya ba, ya kurɓi shayi ya dube shi sama da ƙasa.

"Barista, Allah ya sa dai wannan karon a gani a jikinka. Waccan shekarar da ka ce ka je taro Gana, yadda ka tafi haka ka dawo, wuyan ma har ya ƙara tsawo. Mutane suka yi ta cewa a Kaduna ka tsaya."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Su wa?"

"Ni dai na kare ka. Na ce ko Kadunar ce ai tafiya ce. Amma ka sani, wanda ya je waje ba fasfo ake tambayarsa ba, ƙeya ake dubawa. In ta yi ninki, an je."

Aka kwashe da dariya. Barista bai yi ba. Maganar ta ci masa rai ƙwarai, a wajen ya sha alwashin sai ya dawo da ƙeyar da za ta rufe bakin Ɗorayi gaba ɗaya.

Abin da ya faru a Turkiyya daga bakin Hajiya Aina'u matanmu suka ji, mu kuma muka ji daga gare su. Suna isa otal aka ɗaura wa kowannensu wani ɗan awarwaron roba a hannu, aka ce duk mai wannan ya ci abin da ya ga dama, a lokacin da ya ga dama. Barista ya sa aka maimaita masa. Ya juyo ya ce, "Aina'u, kin ji? Wai ko yaushe."

Tun daga ranar bai sake ganin teku ba sai ta tagar ɗakin cin abinci. Karin kumallonsa yakan tarar da abincin rana a hanya, su gaisa, su wuce tare. Gasasshen nama, shinkafa da man shanu, burodi kala-kala, da wani abu mai kama da alkaki da aka jiƙa da zuma, wanda ya ce don shi kaɗai ma tafiyar ta biya. Sau ɗaya ya je wurin iyo, da tabarau na roba a ido. Ya shiga har gwiwa, ya sa Hajiya ta ɗauki hotuna ta kowane gefe, ya fito ya ce ruwan can ya fi na waya nauyi. Rigar motsa jiki kuwa ko ninkinta ba a warware ba.

"Abban Ummi, ramin fa?" in ji Hajiya wata rana, tana kallonsa yana tahowa da faranti a kowane hannu.

"Wane rami?"

"Na Challawa."

"Ke ba ki san ilimin jiki ba. Abincin waje ba ya zama kamar tuwo."

"To me kake ci masa haka in ba ya zama?"

"A ƙeya yake zama, ba a ciki ba."

A jirgin dawowa ɗamarar kujera ta ƙi zagaye shi, sai da ma'aikaciyar jirgi ta kawo ƙari. Ya shaida wa na kusa da shi cewa manyan baƙi ake ba wa.

Ranar da ya dawo majalisa sai da muka miƙe. Mutum ya yi ɓul-ɓul, kumatu sun cika, agogo ya nutse a hannu, ga awarwaron roba nan ya ƙi cirewa don kar wani ya ce ba shaida. Alhaji Kamilu ya zagaya bayansa, ya ɗaga hula, ya duba da kyau.

"Jama'a, ninki biyu da ɗoriya. An je."

Daɗi ya kama Barista har ya gayyace mu duka zuwa Challawa, mu ga yadda ake shari'a irin ta ƙasashen da suka ci gaba. Ya ce kowa ya zo da waya mai caji.

Da safiyar ranar zuwa Challawa zip ɗin rigar motsa jiki ya hau har cibiya ya tsaya. Ya ce rigar ce ta motse. Hajiya ta ce a cikin akwati? Ya ce sanyin jirgi ne. Haka ya fito da ita a buɗe, usur na lilo a kan tumbi, mu kuma muka cika motar haya muka bi shi a baya.

Wanda bai taɓa shiga kamfanin jima ba, ba zan iya kwatanta masa warin ba, sai dai in ce mai shari'a Atika tun daga ƙofa ta toshe hanci da hankici ba ta sake cirewa ba sai in za ta yi magana. Aka taru a gindin katanga ta ciki, ita da magatakardan kotu da lauyoyi da manajan kamfanin da mu 'yan gayya. Sai gandirobobi suka sauko da Sagir daga mota, hannu cikin ankwa. Da farko ba mu gane shi ba. Gabzar gidan yari ta zuƙe shi, ƙashin wuya ya fito, rigarsa na lilo kamar an shanya ta a jikin sanda. Uwarsa Mairama, wadda ta taho daga ƙauye da kwanon fura a ka, tana ganinsa ta fashe da kuka. Ni kaina tausayi ya kama ni, dariyar da na zo da ita ta koma ciki.

Mai shari'a ta dubi ramin, ta dubi Sagir, ta dubi Barista Gwadabe, ta ɗan daɗe a kansa.

"Barista, ba zai fi sauƙi ba a ce wanda ake tuhuma ya gwada da kansa?"

Sagir na yanzu ko da buhu a ka zai wuce ramin nan bai taɓa gefe ba, kuma in ya wuce, shi da gida sai bayan shekaru. Shari'a ta zo hannun Barista Gwadabe a sama, ba wahala ba gumi. Abin da ya rage masa kawai ya ce to. Sai ya waiwayo ya ga wayoyinmu a ɗage.

"Ya mai shari'a, in ya shiga ya ɓulla ta waje, wa zai kamo shi? Kuma irinsu da gangan suke kumbura ciki. Ni na yi alkawari, ni zan cika."

Barista Zainab ta saki numfashi. Ta ce a hankali, "To ina so kotu ta ji daga bakin abokin aikina. Awon da tela ya yi, yana nan yadda yake?"

"Ko kaurin zare ban ƙaru ba. A Turkiyya kullum a ruwa nake, har baƙi na tambaya ko ni ne mai koyarwa."

"A Ɗorayi ba haka ka ce ba," in ji Alhaji Kamilu daga baya.

"A yi shiru, kotu na zaune!" in ji magatakarda, alhali kowa a tsaye yake.

Barista ya yi tsalle-tsalle, ya karkaɗa hannuwa, ya busa usur don kansa, ya saka tabarau na iyo. Ya durƙusa ya yi bismilla ya tura kai. Kai ya shige. Kafaɗu suka shige da 'yar gardama. Ƙirji ya bi. Da aka zo kan abin da aka kwaso daga Turkiyya, sai tafiya ta tsaya cak. Muka ga ƙafafu sun fara irin wutsil-wutsil ɗin kan kafet.

"Barista, lafiya?" in ji mai shari'a.

Wata murya ta taso daga can bayan katanga kamar daga cikin tulu. "Hutawa nake. Ɓarawo ma ai yakan huta."

Aka jira. Ƙafafun suka gwada gaba, suka gwada baya, takalmi ɗaya ya fita. Mai shari'a ta ce ita ba za ta yi shari'a da ƙafafu ba, a koma inda kai yake. Kotu ta ɗunguma ta fita ta babbar ƙofa, ta zagaya doguwar katangar nan cikin rana, har ta iso bakin titi, inda kan mai gabatar da ƙara ya leƙo daga ƙasa kusa da wani mai sayar da rake. Mai raken ya riga ya matsar da baronsa yana ta a'uziyya.

Lokacin kuma ya yi daidai da tashin ma'aikatan safe da shigowar na yamma. Kafin ka ce me, titi ya cika maƙil.

"Kan waye wannan?"

"Kan gwamnati ne."

"Me ya sata?"

"Shi ne mai kama ɓarayin."

Majiya ƙarfi suka kama hannuwansa suka fara ja. Ashe can ciki ma wasu bayin Allah sun ga ƙafafu na neman taimako sun kama. Na waje su ja, na ciki su ja, Barista a tsakiya yana kiran sunayen Allah. Can sai na waje suka ji an saki, daga ciki kuma aka ji kabbara. Ba a jima ba wani ya zagayo da gudu ɗauke da wando mai ruwan ganye, ya miƙa wa magatakarda. Magatakarda ya tambayi mai shari'a ko a karɓe shi cikin kayan shaida.

Wani direba da ya ɗauko sabulu daga Sharaɗa ya tsaya ya ba da gudummawa, aka kaɗa kumfa a bokiti aka yi ta kwarara masa ta wuya. Ba abin da ya motsa sai idonsa da ya yi ja. Mai motar man gyaɗa daga Bompai ya ce sabulu wasa ne, ya buɗe jarka. Alhaji Kamilu ya naɗe hannun riga ya zama shugaban aiki.

"Zuba ta ƙeya, nan ne ninkin yake. Na auna da idona."

"Alhaji, wallahi in na fito sai na gurfanar da kai!"

"In ka fito ɗin."

Ƙudaje suka samu labari. Wata akuya ta ratso cikin jama'a ta fara lasar man a kan sanƙonsa, aka kore ta, ta dawo da 'yarta. Duk da haka bakin Barista bai mutu ba. Ya ɗaga kai iyakar yadda kankare ya bari.

"Ina so kotu ta lura, rabina ya wuce. Kuma a shari'a, in rabin mutum ya wuce..."

"To a tuhumi rabin Sagir," in ji Barista Zainab. "Sai dai abokin aikina ya faɗa mana wane rabin ne ya ɗauki fatun."

Mai shari'a ta ƙara danna hankici a fuska, kafaɗunta na rawa. Ta ce wari ne.

Ana cikin haka manajan kamfanin ya zagayo a guje, gumi na karyo masa. Ya ce ranki ya daɗe, akwai matsala. Ma'aikatan yamma ba su san kotu na zaune a magudana ba, suna shiga suka buɗe manyan gangunan da fatu ke jiƙe a ciki, kamar yadda suka saba. Ruwan jima ya taho, da gashi da kitse da duk abin da ke cikinsa, kuma hanyarsa ta fita guda ce.

"Wa ke zuba min ruwan ɗumi a ƙafa?" in ji Barista.

Warin ne ya tsallako katanga ya ba shi amsa. Daga ciki ana ta ihu ana ba da rahoto: ya kai gwiwa, ya wuce gwiwa, tsakar kamfani ta zama tafki. Ruwan kuma ba wari kaɗai gare shi ba, yana da zafi a fata, don aikinsa ke nan, tuge gashi.

"A kira birkila! A fasa! A fasa katangar nan!" in ji Barista.

Aka samo birkila a wani gini da ke kusa. Ya zo da guduma, ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga. Barista Zainab ta yi gyaran murya.

"Ya mai shari'a, ina tuna wa kotu umarninta. Wanda ya taɓa ramin nan ko da da farce ne, a ɗaure shi."

Birkila ya ajiye gudumar a hankali kamar ƙwai. "Ni da 'ya'yana ƙanana, ba za a ɗaure ni a kan siminti ba."

"Ya mai shari'a, ina roƙon a ɗage umarnin!"

Mai shari'a Atika ta sauke tabarau ta leƙo shi. "Da baki, Barista?"

"Ranki ya daɗe, halin da ake ciki..."

"Kotu ba kasuwar Kurmi ba ce. Ka rubuto, ka ba ɗaya ɓangaren lokaci."

"Kuma zan buƙaci nazari sosai," in ji Barista Zainab.

"Umarnin yana nan har shari'a ta ƙare," mai shari'a ta ci gaba. "Kai ka zaɓi kalmomin."

"To yaushe za ta ƙare?"

"In ka gama kawo shaidu, su ma su kare kansu, in sa ranar hukunci. Sai fa in mai ƙara ya janye ƙararsa. Wannan kam da baki ma ya isa, tunda tasa ce."

Barista ya rufe ido. Muna kallo fuskarsa na kokawa da kanta: ga tarihin da ya shekara da shekaru yana shayar da mu da shi, ga kuma abin da ke faruwa da rabinsa na ciki, wanda shi kaɗai ya san inda ruwa ya kai. Mairama ta ajiye kwanon fura ta ɗaga hannuwa sama. Sagir kuwa ƙasa kawai yake kallo.

"Barista, ka daure," in ji Alhaji Kamilu. "Tarihi ne. Mu za mu riƙa kawo maka abinci nan, dama ga awarwaron a hannunka."

Ko me ya bi ta bayansa a daidai lokacin, Allah ne masani. Mun dai ga ya zabura har ƙeya ta bugi kankare.

"Na janye!"

Jiniyar wani kamfani ta ɗauka a lokacin. Magatakarda ya ce bai ji ba, kuma abin da bai ji ba ba ya rubutawa.

"Na janye ƙarar! Na janye ta gaba ɗaya, da fatun, da ramin, da komai! Ku fasa!"

Mai shari'a ta ce tunda mai ƙara ya janye, ta sallami wanda ake tuhuma, umarnin rami kuma ya faɗi. Gandiroba ya buɗe ankwa. Mairama ta rangaɗa guɗar da sai da akuyar nan ta ruga. Birkila ya hau kankare da duka, gefe ya tsage. Sagir, da ya kamata a ce ya kama hanyar tasha, sai ya matso ya ce a ba shi wuri. Ramar ba ta tafi da sabo ba. Ya sa hannu a hamatar Barista, ya gyara tsayuwa, ya fizgo shi yadda yake fizgo ɗaurin fatu daga mota. Barista ya fito sul, ruwan jima ya biyo bayansa da ƙarfi, ya share masu ɗaukar hoto na sahun gaba. Alhaji Kamilu ya samu rabonsa har cikin aljihu, abin da ya ɗan sanyaya wa da yawanmu rai.

Mai gabatar da ƙara ya tsaya a bakin titi ba wando, takalmi ɗaya, mai da kumfa na ɗiga. Wandonsa na hannun magatakarda, shi kuma ya ce sai an rubuto. Mairama ce ta warware zanen da ta yi gammo da shi ta miƙa masa.

"Ungo rufa, ɗan nan. Ashe naman da yarona ya zubar a gidan yari kai ka tsince shi."

Ya karɓa. Ya ɗaura a ƙugu, ya kama hanyar mota.

Aka daɗe ba mu gan shi a majalisa ba. Hajiya Aina'u ta ce warin sai da ya cinye turaren da suka sayo na tsaraba kaf. Masu zuwa aiki Bompai suka fara kawo labari wai ana ganinsa kullum da safe yana gudu, gudu na gaske, har yana wuce mai waina bai waiwaya ba. Kunya ta yi masa abin da usur bai taɓa yi ba. Ranar da ya sake bayyana ya koma tsaf yadda yake a da, har da ragi, awarwaron roba kuma an yanke.

Ya zauna, aka miƙa masa shayi, ya gyara murya. "Ku dai ku sani, a ƙa'idar aiki janyewa daban, faɗuwa daban."

Kafin ya ɗora, wata kurar dako ta tsaya a ƙofar gida ɗauke da wani tsohon inji da Alhaji Kamilu ya sayo a Sharaɗa. Mai turo ta Sagir ne. Ya je gida ya ci tuwon Mairama ya dawo, ƙirji ya cika, wuya ya murje, yana ta sheƙi. Ya durƙusa ya gai da kowa, har da Barista, ya juya zai kwance igiya.

Alhaji Kamilu ya dubi ƙeyar Sagir. Ya miƙa wuya ya dubi ta Barista. Ya ajiye kofi.

"Barista, tsakaninka da Allah, ka je Turkiyyar nan kuwa? Don ni dai in ƙeya za a bi, yaron nan ne ya je."

Barista ya shafa ƙeyarsa, ya ɗauki kofinsa. Ranar har aka sauke butar shayi aka wanke kofuna, ba wanda ya ji labarin mutumin da bai taɓa faɗuwa shari'a ba.